Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Matsalar Inganci a Sana'ar Sarrafa Citta a Jere da Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake kula da inganci a sana'ar sarrafa citta a Jere da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna. Ta fara da rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, wato tantance inganci, da tabbatar da inganci, da jagorancin inganci. Daga nan ta bi citta tun daga gona har cikin kwantena, tana nuna ƙofofin da aibi yake shigowa. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, a wurin shanya ake gyara citta ko a ɓata ta, amma sai ta kai Legas ko Turai ake auna ta, kuma sakamakon awon ba ya komowa ga wanda ya yi shanyar, balle ya shafi kuɗin da ake biyansa. A ƙarshe an kawo shawarwari kan yadda za a dawo da awo kusa da gona, a kuma sa farashi ya riƙa bin daraja.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya hau jirgin ƙasa a tashar Jere, ko Rigasa ya nufa ko Idu, a kan dogo mai faɗin milimita 1,435 yake tafiya, wato layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016. Tsohon dogon da ya mayar da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa tun 1927 kuwa, faɗinsa milimita 1,067 ne. Kowanne injiniyoyi ne suka shimfiɗa shi, kowanne ya yi aikin da aka yi shi dominsa, amma duk kyawun taragon Kafanchan ba zai hau dogon Jere ba, domin ma'auninsu bai zo ɗaya ba.

Irin halin da cittar yankin nan take ciki ke nan. Najeriya tana sahun gaba a noman citta a duniya, inda Indiya take kan gaba, kuma mafi yawan cittar Najeriya daga ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da Zangon Kataf take fitowa. Masu saye a waje sun san ta da zafi da ƙamshi da yawan mai. Wannan baiwa ce ta ƙasa da iri, ba mu muka yi ta ba. Abin da yake hannunmu shi ne wanki da tsagawa da shanya da ajiya, kuma a nan ne cittarmu take kasa hawa dogon da masu saye suka shimfiɗa.

Jere tana da dalilin damuwa da wannan magana. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Kagarko, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma ta nan hanyar Kagarko da Kwoi da Kafanchan take ɓullowa. Motocin da suka ɗauko citta daga Kubacha da Kwoi da yawansu ta nan suke bi. Wurin da kaya yake taruwa kafin ya yi nisa, nan ne ya fi dacewa a tsayar da shi a auna.

2.0 Ma'anar Inganci da Rassansa Uku

A bakin 'yan kasuwa, idan aka ce kaya yana da inganci, ana nufin mai kyau ne, mai ƙarko, ba jabu ba. A masana'anta ma'anar ta fi haka tsauri. Sai kaya ya cika sharuɗɗan da aka rubuta, ya cika su yau, ya kuma cika su gobe. Kowa yana iya dacewa da buhu ɗaya mai kyau. Gwanintar ita ce a fitar da buhu ɗari biyar, na farko da na ƙarshe ba su da bambanci.

Reshe na farko shi ne tantance inganci. Wannan aikin dubawa ne bayan an gama: a auna nauyi, a auna danshi, a tsince tsakuwa, a ware ruɓaɓɓe. Matan da suke zaune a sito suna tsintar citta wannan aikin suke yi. Amfaninsa shi ne hana mugun kaya wucewa, amma ba ya hana a yi mugun kayan.

Reshe na biyu shi ne tabbatar da inganci. Shi kuma tsari ne da ake kafawa kafin a fara aiki, domin aibin kada ya samu shiga tun farko: rubutacciyar ƙa'idar wanki, tsayayyen wurin shanya, sikelin da aka daidaita, rajistar da ake cikewa kullum, da horon ma'aikata. Mai saye da ya ga wannan tsari yana iya amincewa da kayan tun bai buɗe buhu ba.

Reshe na uku shi ne jagorancin inganci, kuma aikin maigida ne. Shi yake yanke nawa za a kashe kan na'urar awo, wa yake da ikon cewa a mayar da mota, da abin da za a yi idan mai saye yana gaggawa alhali kaya bai bushe ba. Masana'antar da mai dubawa ba shi da ikon tsayar da aiki, duk takardun da ta rataya a bango ado ne.

3.0 Waiwaye

A shekarar 1924 wani masanin kimiyya a Amurka, Walter Shewhart, ya fito da jadawalin lura da aiki. Abin da ya gano shi ne, babu injin da yake fitar da abu biyu daidai wa daida, kullum akwai ɗan bambanci. Sai dai bambancin iri biyu ne. Akwai wanda yake cikin jinin aikin, akwai kuma wanda wani sabon dalili ya kawo, kamar wuƙar da ta dushe ko sabon ma'aikacin da bai ƙware ba. Jadawalin yana nuna wanne ne wanne, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Edwards Deming ya kai wannan ilimi Japan a 1950, lokacin da kayan ƙasar suka yi suna da araha da rashin ƙarko. Ya koya wa masu masana'antu su daina dogara da dubawar ƙarshe, su koma gyara hanyar aikin, kuma ya ɗora mafi yawan laifin aibi a kan tsarin da shugabanni suka kafa maimakon ma'aikaci. A 1951 Japan ta kafa lambar yabo da sunansa. A kamfanin Toyota har aka bai wa ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota idan ya ga matsala. Hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, wadda aka kafa a 1947, ta tattara irin waɗannan darussa cikin jerin ISO 9000 a 1987. A ɓangaren abinci kuma aka samu tsarin HACCP, wanda ya samo asali a shekarun 1960 wajen shirya wa 'yan sama jannatin Amurka abinci. Tushensa shi ne a gano matakan da haɗari yake shiga, a sa wa kowanne iyaka, a riƙa aunawa ana rubutawa.

A Najeriya ma abin ba baƙo ba ne. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, malaman duba amfanin gona suna tantance kaya kafin a saya, kuma daraja ta ɗaya da ta biyu ba kuɗinsu ɗaya ba. Hukumomin sayen amfanin gona suna da nasu laifin, musamman danne farashin manomi, amma da aka rushe su a 1986 sai dubawar kusa da gona ta yi rauni, kowa ya shiga saye da sikelinsa da idonsa. A yau akwai hukumar ma'aunai ta ƙasa, SON, da aka kafa a 1971, mai alamar NIS da shirin MANCAP na kayan da ake ƙerawa a gida. Akwai NAFDAC da aka kafa a 1993 domin abinci da magunguna. Akwai NAQS mai ba da takardar lafiyar tsirrai ga kayan da za su fita, da kuma hukumar tarayya mai duba amfanin gona a tashoshin jiragen ruwa. Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba. Sai dai mafi yawan aikinsu a ƙofar fita yake, ko a manyan masana'antu, nesa da dutsen da aka baza citta a kai.

4.0 Daga Gona zuwa Kwantena: Ƙofofin Aibi

4.1 Iri

Iri biyu aka fi sani a yankin nan, tafin giwa mai ɗorawa-ɗorawa da yatsun biri mai duhu. Launinsu da zafinsu da yawan mansu sun bambanta, don haka cakuɗa su a buhu ɗaya ya riga ya karya sharaɗin kamanni ɗaya. Citta kuma da jikinta ake shuka ta, wato cutar uwa tana bin 'ya. Daminar 2023 ta koya mana wannan da zafi, lokacin da annobar ruɓewa ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a kudancin Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi, iri ya yi wuya. A harshen masana'anta, iri shi ne kayan shigowa na farko, kuma kayan shigowar da ba a san asalinsa ba haɗari ne ga duk abin da zai biyo baya.

4.2 Wanki da Tsagawa

Cittar da aka tono da laka, idan ba a wanke ta da ruwa mai tsabta ba, ƙasar tana bushewa a jikinta. Wanda ya wanke a kududdufi kuma ya cire laka ya ɗora ƙwayoyin cuta. Bayan wanki sai tsagawa, da wuƙa ko da inji. A nan aikin injiniya ya shigo. Maƙeranmu na walda, daga Panteka a Kaduna har zuwa Kafanchan, suna ƙera injunan tsaga citta da na niƙa, kuma sun rage wa mata da yara wahala ƙwarai. Amma injin da aka yi da baƙin ƙarfe yana tsatsa idan ruwan citta ya taɓa shi, fenti yana ɓarewa, man giris yana ɗiga. Wuƙaƙen da ba a daidaita tazararsu ba kuma suna fitar da yanka mai kauri da marar kauri. Marar kaurin ya bushe ƙamas, mai kaurin bayansa ya bushe cikinsa da sauran ruwa, a haɗa su buhu ɗaya. Aibin da aka gani a sito, ashe tun a shagon walda aka haife shi.

4.3 Shanya

Nan ne zuciyar maganar. Ɗanyar citta kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ce, ma'aunin duniya na busasshiyar citta kuwa bai yarda danshi ya wuce kashi 12 cikin ɗari ba. Wato kilo 100 na ɗanya ba zai ba da fiye da kilo 23 na busasshiya ba idan an bari ta bushe yadda ya kamata. Allah Ya ba mu hunturu daidai lokacin tono, iska busasshiya da rana kyauta. Amma a ina ake shanyar? A kan dutse, a ƙasa tsirara, a gefen kwalta inda hayaƙin mota da ƙura suke sauka, inda akuya da kaji suke ratsawa. Raɓar dare ta jiƙa, ranar gobe ta busar, a haka har a kwashe.

Yadda ake gane bushewa kuma shi ne a karya a ji ƙara, ko a damƙa a ji nauyi. Gogaggen hannu yana gane jiƙaƙƙiya da busasshiya, amma ba ya bambance kashi 11 da kashi 14, alhali tsakanin waɗannan biyun ne fumfuna take samun wurin zama. Wata fumfunar tana fitar da dafin da ake kira afulatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar abincin da aka haɗa da gyaɗa. Dafin yana jawo cutar dajin hanta, ido ba ya ganinsa, dahuwa ba ta kashe shi, tsinta ba ta raba kaya da shi gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta sa iyakarsa a citta: nau'in B1 kada ya wuce maikurogiram 5 a kilo ɗaya, jimillar nau'o'in kuma kada ta wuce 10. Maikurogiram 5 a kilo daidai yake da giram 5 a cikin tan 1,000. Abin da bai cika cokalin shayi biyu ba ke nan a cikin kayan tirela da dama.

4.4 Ajiya da Niƙa

Busasshiyar citta tana shan danshin iska. Wanda ya ajiye kaya yana jiran farashi ya tashi, ya jera buhuna a kan daɓe, jingine da bango, idan damina ta sauka kayan da ya shiga sito lafiya zai fita da fumfuna. Wani kuma don tsoron ƙwari sai ya yayyafa fiya-fiya. Buhun da aka taɓa zuba taki ko siminti shi ma yana barin nasa. Idan aka zo niƙa kuwa, duk abin da ya ɓuya ya bi gari, ba mai iya ware shi: yashi, ɓurɓushin ƙarfen faranti, da dafin fumfuna. Kuma kada a ɗauka Turawa kaɗai abin ya shafa. Kayan da aka ƙi a waje ba a zubarwa, shi ne yake komowa cikin kununmu da yajinmu da shayinmu.

5.0 Dalilin da Ya Sa Aibin Ya Ƙi Ƙarewa

An saba cewa jahilcin manomi ne. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. Manomi ya iya lissafi, kuma lissafin ne yake gaya masa kada ya wahalar da kansa.

A ɗauki citta kilo 100 mai danshi kashi 16. Idan aka ƙara mata kwanaki a rana ta sauko kashi 12, za ta koma kilo 95 da rabi. Wato mai ita ya yi asarar kilo huɗu da rabi, ya ƙara kwanakin gadi da juyawa. In dai dillali kuɗi ɗaya zai biya kowane buhu, to wanda ya busar da kyau shi aka ci tara, wanda ya sayar da ruwa shi aka ba lada. Haka lissafin yake ga wanda ya sayi tamfol da wanda ya baza a ƙasa, domin ƙasar da ta manne ma nauyi ce. Wa'azi a kan algus da tauye mudu yana da muhimmanci, kuma masallaci da coci duk suna yinsa, amma kasuwar da take hukunta mai gaskiya tana rushe wa'azin kowace ranar kasuwa.

Dalili na biyu shi ne cakuɗawa. Ɗan sari yana tara kayan manoma da yawa ya juye wuri ɗaya, babban dillali ya haɗa na 'yan sari da yawa. Kafin kaya ya kai Legas, buhu ba shi da uba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma dafin fumfuna haka yake, yana taruwa ne a 'yan gutsattsari kaɗan. Idan gwaji ya kama shi, kwantena gaba ɗaya ta faɗi, amma ba wanda zai iya cewa daga wane ƙauye ko wane sito matsalar ta taso.

Dalili na uku shi ne nisan da ke tsakanin yin aibi da gano shi. Aibin da aka gani a wurin shanya, maganinsa ƙarin kwana biyu a rana. Idan a sito aka gani, sai an zazzage, an sake shanya, an biya 'yan dako. Idan a tashar jiragen ruwa ta Apapa ne, ga kuɗin mota da na ajiya. Idan kuwa sai da kaya ya isa Rotadam ko Hambug, an yi asarar kayan da kuɗin jirgi, kuma sunan ƙasa ya shiga tsarin gargaɗin gaggawa na Tarayyar Turai, wanda duk ƙasashen ƙungiyar suke gani. Mai fitar da kaya da ya ƙone sau ɗaya, abin da yake yi shi ne rage farashin da yake saye a wurin kowa, don ya rufe asarar gaba. Da haka mai kyau yake biyan bashin marar kyau.

Wake ya ishe mu darasi. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin fiya-fiya. Iyakar da aka yarda ita ce miligiram 0.01 a kilo, amma an samu daga 0.03 har zuwa 4.6. Dakatarwar shekara ɗaya aka fara yi, a 2016 aka ƙara shekara uku, daga baya aka sake tsawaitawa. Ba a tambayi wane ɗan kasuwa ne ya zuba maganin ba, ƙasar aka rufe wa ƙofa.

6.0 Tsarin da Ya Dace da Yankinmu

Ba kowace ƙungiyar manoma ce za ta iya neman takardar shaidar ISO 9001 ba, kuma ba da ita ya kamata a fara ba. Abin da takardar take nema a taƙaice shi ne a rubuta yadda ake aiki, a yi aikin yadda aka rubuta, a ajiye shaida, a gyara inda aka kuskure. Wannan ana iya yinsa da littafin rajista da biro. Ga matakan da maƙalar take ganin su ne kan gaba.

Na farko, a kawo awo kasuwa. A samar da na'urar auna danshi da sikeli na kowa da kowa a Kubacha da Kwoi da Kachia da Kafanchan da Jere, a hannun wanda ba mai saye ba ne ba kuma mai sayarwa ba. A riƙa gwada na'urar da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje a farkon kowace kaka, a riƙa gwada sikeli da tsayayyen nauyi kowace ranar kasuwa. Na'urar da ba a daidaita ba ta fi rashinta illa, domin ƙarya take yi da lambobi.

Na biyu, a sa daraja, a sa mata kuɗi. Ƙungiyoyin manoma da na dillalai da masu fitar da kaya su zauna su amince da daraja uku bisa danshi, da yawan datti, da fumfuna, da nau'in iri. Ratar farashin daraja ta ɗaya dole ta wuce nauyin da manomi ya rasa wajen busarwa. In ba ta wuce ba, sauran matakan duk ba za su yi aiki ba.

Na uku, kowane buhu ya samu lamba mai nuna ƙungiya, da ƙauye, da makon shanya. Lambar ta bi shi har kwantena, sakamakon gwaji kuma ya biyo ta ya dawo. Ranar da ƙungiyar wani ƙauye ta ji cewa kayanta ne ya ci gwaji, aka kuma ƙara mata kuɗi, maƙwabta ba sa buƙatar taron bita.

Na huɗu, a ɗaga citta daga ƙasa. Daɓen siminti mai shinge, ko tamfol, ko gadon shanya na waya, tare da rufewa da dare. A sito kuma a jera buhuna kan katako, nesa da bango, a sabon buhu, ba tare da maganin ƙwari a jikin kaya ba.

Na biyar, a sa wa injuna ƙa'ida. Duk sashen da yake taɓa citta ya zama na ƙarfe marar tsatsa, kaurin yanka ya zama tsayayye, injin ya zama mai kwancewa a wanke, injin niƙa ya samu maganaɗisu da rariya a bakinsa. Cibiyar injunan noma ta ƙasa da ke Ilorin, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da reshen Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Samarun Kataf, suna iya fitar da zane ɗaya su horar da maƙera a kansa. Maƙeri ba ya ƙin ƙarfe mai kyau, mai saye ne yake cewa a rage masa kuɗi.

Na shida, ƙananan masana'antu su rungumi jadawalin Shewhart. A ɗauka ana auna danshi kowace safiya, aka samu 10.1, 10.3, 10.6, 10.8, 11.1, 11.4, 11.7. Mai tantancewa zai ce duk sun ci, tunda babu wanda ya kai 12. Mai jadawali kuwa zai ga awo bakwai a jere suna hawa, ya san wani abu ya sauya: ko rufi yana yoyo, ko wuƙa ta dushe, ko sabon mai kawo kaya ne. Zai tashi nema tun kaya bai lalace ba. Takarda ɗaya ce a bango da fensir.

Na bakwai, a kusanto da gwaji. Akwai ƙananan kayan gwajin afulatoksin masu ba da sakamako cikin ƙasa da awa ɗaya. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, mai tsangayar aikin gona, wuri ne da ya dace da irin wannan ɗaki. Sai dai a kula, gwaji ba ya fin samfurinsa. Dintsi ɗaya daga bakin buhu ɗaya ba ya wakiltar mota. Sai an ɗebo daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, an haɗa an niƙa, sannan a gwada.

Na takwas, iri. Cibiyar binciken saiwoyi da ke Umudike, wadda citta take cikin aikinta, tare da hukumomin gona na jiha, su taimaka a kafa gonakin iri masu rajista a cikin yankin, domin manomi ya san abin da yake binnewa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa matsalar cittar kudancin Kaduna ba ta rashin hukumomi ba ce, ba kuma ta rashin sanin manomi ba. Awo ne ya yi nisa da wurin aiki, buhu ba shi da lamba, farashi kuma bai san mai kyau da marar kyau ba. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Ranar ginin citta ita ce ranar da aka tsaga ta aka baza, kuma duk abin da ɗakin gwaje-gwajen Turai zai faɗa bayan wata uku, a ranar aka rubuta shi.

Don haka kira na farko ga masu fitar da kaya ne, domin su ne masu kuɗin: su bayyana farashin daraja ta ɗaya a fili tun kafin tono. Na biyu ga shugabannin kasuwa da sarakuna da ƙananan hukumomi: su samar da rumfar awo, su tsare mutuncin mai awon. Na uku ga malaman jami'a da injiniyoyi: su fita da ɗalibansu zuwa wuraren shanya da shagunan walda, su auna, su rubuta, su mayar wa mutanen sakamakon da harshen da suke ji. Tono yana farawa ne da ɗaukewar ruwa. Kafin lokacin, a ce ko kasuwa ɗaya ce a ƙaramar hukumar Kagarko ta samu na'urar auna danshi da allon farashin daraja uku.